Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki, Wa Ke Duba Awon Jinin Tsofaffinmu?

Yanzu da wuya ka shiga gidan Bahaushe a Jidda ko Makka inda akwai dattijo mai hawan jini ka rasa na'urar awo. Tana kan talabijin, ko cikin durowa tare da kwalayen magani, ko a ƙarƙashin matashin kai. Wata ɗa ne ya sayo ta a saidaliyya, wato kantin magani, ranar da aka sallamo mahaifinsa, wata kuma tsarabar wani ɗan uwa ce. Wannan ci gaba ne, kuma ina farin ciki da shi. Amma akwai maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da waɗanda suka riga suka gamu da shanyewar ɓarin jiki, wadda a nan muka saba ce mata jalɗa. Duk wanda ciwon nan ya taɓa, wajibi ne a riƙa auna jininsa a gida, ba sai ranar ganin likita ba. Sai dai awon ba zai tsinana masa komai ba muddin lambar ta kwana a ɗakinsa, ba ta isa hannun wani mai ilimi da ikon sauya masa magani ba. A nan ne aka bar tsofaffinmu a baya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan mutum ya fito asibiti, ya fara jan ƙafa da sanda, bakinsa ya ɗan miƙe, to an tsallake siraɗi. Ba a tsallake ba. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara sakamakon bincike daga ƙasashe daban-daban, ya nuna cewa cikin mutum huɗu da suka tsira daga bugun farko, kusan ɗaya ciwon zai sake dawo masa cikin shekara biyar. Na biyun kuwa sau da yawa shi ne ke kwantar da mutum gaba ɗaya, ko ya tafi da shi. Abin da ya fi komai buɗe masa ƙofa hawan jini ne, domin jini mai ƙarfi yana cin bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali, shekara da shekaru, har wata rana ɗaya ta toshe ko ta fashe. Binciken SIREN da aka yi a cibiyoyi 15 a Najeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya, ya duba majinyata sama da 2,000. Sakamakon da aka fitar a 2018 ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan tara cikin goma na shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatan fashewar jijiya ce ta same su, ba toshewa ba. Waɗancan mutanen 'yan uwanmu ne, jininmu ɗaya, tukunyarmu ɗaya. Zama a Hijaz bai sauya wannan ba.

Saukar da jinin kuma yana aiki, an gwada an gani. A binciken PROGRESS na 2001, an bi mutum 6,105 da suka taɓa kamuwa da ciwon. Awon jini lamba biyu yake nunawa, ta sama da ta ƙasa, kuma da magani ya rage musu maki 9 a ta sama, maki 4 a ta ƙasa, haɗarin dawowar ciwon ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. Waɗanda aka haɗa wa magani biyu, jininsu ya sauka da maki 12 da 5, haɗarin ya ragu da kashi 43. A duba ƙanƙantar lambobin nan. Maki tara ba abu ba ne da jiki ke ji. Shi ya sa idan na ji dattijo ya ce, "Ni ai na san lokacin da jinina ya hau, ƙeyata ce ke sara," sai gabana ya faɗi. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai. Mutum zai kwana lafiya, ya je sallar asuba a masallaci, ya ci ful da tamis, alhali lambarsa ta wuce 170.

Awon asibiti kaɗai bai isa ba. Wanda ake ba shi ranar dawowa bayan wata uku, sau huɗu ke nan ake ganin jininsa a shekara, kuma a wane hali? An ɗauko shi a mota cikin rana, an sauke shi da ƙyar, ya zauna jiran layi, ga fargabar abin da likita zai faɗa. Wani jininsa a gaban likita ne kawai yake hawa, a ƙara masa magani a banza, ya koma gida jiri na ɗibarsa har ya faɗi. Wani kuma akasin haka: a asibiti lafiya lau, a gida da sassafe jinin na sama, kuma safiya ce lokacin da ciwon nan ya fi bugun mutane. Saboda wannan bambanci ne likitoci suka ɗauki 135 bisa 85 a gida daidai da 140 bisa 90 a asibiti. Ga wanda ya taɓa jalɗa kuwa, ƙa'idar da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta fitar a 2021 ita ce a nemi ƙasa da 130 bisa 80 ga mafi yawansu.

Ina da goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ciwon ya taɓa ɓarinta na hagu. Wata la'asar na same ta jikarta na auna ta. Tana zaune a ƙasa kan darduma, ta jingina da gwiwar hannu, goro a baki, an naɗa ɗamarar na'urar a kan hannun riga mai kauri, kuma ɗamarar ta yi wa damtsenta kaɗan har tana ɓallewa. Na'urar na hura iska, ita kuma tana ba ni labarin bikin da aka yi a Madina. Lamba ta fito 168 bisa 97. Yarinyar ta ɗauko littafin makaranta ta rubuta a ƙarƙashin ta jiya, da rana da wata, da rubutu mai tsabta. Na karɓa na buɗe. Shafi bayan shafi, safe da yamma, kuma da ƙyar ka ga ranar da lambar sama ta sauko ƙasa da 150.

Na ce, "Goggo, likita ya ga littafin nan?"

Ta ce, "Ɗan nan, ai bai tambaya ba. Ya auna ni da nasu, ya ce in ci gaba da shan abin da nake sha."

Yarinyar nan ta yi iya ƙoƙarinta, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake yi. Ba a gaya mata cewa mai awo kan kujera yake zama ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ya huta minti biyar ba magana. Ba a ce mata goro da gahawa da shayi da sigari sai a bar su rabin awa kafin awo ba, ko cewa mutum ya fara kewayawa tukuna, domin cikar mara na ɗaga lamba. Ba ta san ana auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ba, da safe kafin shan magani da kuma da yamma, ko cewa matsatstsiyar ɗamara na ƙara lamba a kan gaskiya, ko cewa na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci. Har hannun da za a riƙa aunawa ya kamata a ce likita ne ya zaɓa, tunda ɗayan ya sandare. Duk wannan karatun minti goma ne da ya kamata a yi musu kafin su bar gadon asibiti. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ko da ta yi komai daidai, littafin zai ci gaba da cika ne kawai ba mai dubawa.

Masu bincike sun daɗe da gano wannan. A Landan an raba wa waɗanda suka yi jalɗa na'urar awo, nas na kiran su a waya lokaci-lokaci, amma sauya magani an bar shi ga likitocinsu na unguwa. Mutum 381 ne, kuma da aka fitar da sakamako a 2013, kusan babu bambanci tsakanin masu na'ura da marasa ita. A 2017 aka tattara gwaje-gwaje 25 wuri ɗaya, aka ga awo a gida shi kaɗai bai rage lambar sama da abin da ya wuce maki ɗaya ba, amma idan aka haɗa shi da bibiya ta sosai da daidaita magani, ragin kan kai maki shida. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na birnin New York, wanda Farfesa Gbenga Ogedegbe, ɗan asalin Najeriya, ya jagoranta aka buga a 2024. Mutum 450 ne, baƙaƙen fata da masu jin Sifaniyanci, akasarinsu masu ƙaramin ƙarfi, duk sun yi jalɗa. Kowa an ba shi na'ura mai aika lamba kai tsaye zuwa asibiti. Rabinsu an ƙara musu da nas da ke kiran su, tana bin lambobin, tana tattaunawa da su kan magani da abinci, tana tuntuɓar likita. Bayan shekara ɗaya, masu na'ura kawai jininsu ya sauka da kusan maki 6, masu nas kuwa da kusan 15. Gaskiya ne cewa a cikin shekara biyun da aka bi su ba a ga bambanci a yawan waɗanda ciwon ya dawo wa ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba, amma waɗanda ya dawo wa kaɗan ne a ɓangarorin biyu, kuma amfanin saukar jini abu ne da aka tabbatar tun da daɗewa. A Kumasi ma an yi ƙaramin gwaji mai suna PINGS da mutum 60, da na'ura mai Bluetooth da waya da nas mai sa ido. Bayan wata tara, 22 cikin 30 na masu nas lambarsu ta sama ta koma ƙasa da 140, a ɗaya ɓangaren kuwa 13 cikin 30. Awon da na'urorin nan ke yi iri ɗaya ne da wanda ta Goggo ke yi. Abin da ya bambanta shi ne akwai mutum a ɗaya ƙarshen waya.

Ƙasar da muke zaune ba ta rasa wannan tsari ba, kuma adalci ne a faɗa. Tun watan Fabrairun 2022 Ma'aikatar Lafiya ta buɗe asibitin Seha a Riyad, wanda ƙwararru ke duba majinyata daga nesa, har da masu jalɗa da aka kai ƙananan asibitocin da ba su da likitan ƙwaƙwalwa. Akwai manhajar Sehhaty ta kama ranar ganin likita da ganawa da shi ta waya, akwai lamba 937 da ake samun shawarar likita dare da rana, akwai Wasfaty da ake karɓar magani a saidaliyyar unguwa, akwai ma'aikatan da ke bin marasa lafiya har gida. Bahaushen da ke da katin ɗan ƙasa, kuma suna da yawa, ya rungumi waɗannan abubuwa hannu bibbiyu. Ba ni da wani uzuri da zan ba ɗan da mahaifinsa ke da wannan dama amma bai taɓa buɗe masa manhajar ba.

Damuwata sauran ne. Ƙofar duk waɗannan tsare-tsare lambar katin shaida ce ko ta iƙama, wato takardar izinin zama, harshensu kuma Larabci ne da Turanci. Inshorar lafiya ta baƙo a kan aiki take ratayawa, mai aiki ne ke yi wa ma'aikacinsa, to ina tsohon da jalɗa ta raba shi da aikin? Ina tsohuwar da kafilinta, wanda ya tsaya mata a takardun zama, ya rasu, iƙamarta ta mutu shekaru? Ina wadda ta zo tun tana budurwa, tana jin Larabcin kasuwa amma ba ta karanta ko harafi? Ciwon kansa ma yana hana amfani da waya. Wani ya ɗauke masa magana, wani hannun dama, wani rabin gani. Ga kuma rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, irin su Sabil da Gulail da Karantina, wanda ya watsa iyalai zuwa gefen gari da wasu garuruwa. A da maƙwabciya ce ke leƙowa da hantsi ta ce, "Hajiya, an sha magani kuwa?" Yanzu tsakaninsu tafiyar mota ce mai nisa. Wato mutanen da suka fi kowa buƙatar a duba su daga nesa su ne tsarin bai san da zamansu ba.

Ga asibitoci da kamfanonin inshora, roƙona ɗaya ne: kada a sallami mai jalɗa da ledar magani kawai. A sallame shi da na'ura mai ɗamara daidai damtsensa, a koya wa mai jinyarsa awo a gaban nas, a rubuta masa lambar da ake nema da lambar da idan an gani za a kira, kuma a ba shi sunan mutum ɗaya da zai riƙa karɓar awon. Kuɗin na'ura da 'yan mintunan nas ba su kama ƙafar kuɗin kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman ba.

Amma ba zan zauna jiran wannan ba, domin akwai abin da ke hannunmu. Muna da 'ya'ya mata nas-nas a asibitocin Makka da Jidda da Madina, muna da masu harhaɗa magani, muna da likitoci. Muna da ƙungiyoyin 'yan gari da na zumunta da ke tara riyal don biki da suna da jana'iza da tikitin wanda zai koma gida. Na'urar awo mai kyau ba ta kai kuɗin wayar da ke aljihun jikokinmu ba. Me zai hana ƙungiya ta saya wa duk wanda ya yi jalɗa, ta haɗa kowane gida da ma'aikaciyar lafiya ɗaya mai jin Hausa? Sau ɗaya a mako mai jinya ya ɗauki hoton littafin ya tura ta WhatsApp, ita kuma ta duba ta amsa da murya, ta yadda tsohuwa za ta ji da kunnenta a harshenta. Hoto nake nufi, ba faɗa da baki ba, domin dattijo ba ya son tayar wa mutane hankali, 165 sai ya ce "ɗari da ɗan wani abu." Kuma ga mutum ɗaya za a tura, ba a zauren mutum ɗari biyu ba. Ciwon mutum sirrinsa ne, balle wanda takardunsa ba su cika ba, wanda dama a tsorace yake.

A nan dole a ja layi. Dokar ƙasar nan ba ta wasa da aikin lafiya ba lasisi, kuma nas ba ta rubuta magani. Aikin wadda ke duba lambobin shi ne ta gane cewa abu ya karkace, ta kira, ta tambaya ko maganin ya ƙare, ta matsa a je mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, da littafin a hannu, in ta kama ta rubuta wa likitan layi biyu da Larabci. Ganin likita a mustausaf da kuɗi sau ɗaya, da awon mako biyu a gabansa, ya fi zuwa sau biyar hannu rabbana. Masu tura awo ga ɗan uwa likita a Kano ko Damagaram ko Khartum, ba laifi a nemi shawararsa, amma bai ga gwajin ƙodar majinyacin ba, bai san sauran ƙwayoyin da yake sha ba. Likita mai amana da kansa zai ce a koma wurin wanda ke da fayil ɗin.

Akwai masu cewa na'urar ita ke sa mutane ciwo, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya. Na san dattijon da ke auna kansa duk bayan sallar farilla da tsakiyar dare, ya ga lamba ta ɗan hau, ya firgita, ya sake aunawa ta ƙara hawa. Akwai mai ganin 150 ya haɗiye ƙwaya biyu, akwai mai aron ƙwayar maƙwabci wai "ita ta fi ƙarfi." Mafi haɗari shi ne wanda ya ga 125 kwana uku a jere ya ce ya warke, ya ajiye magani ya koma zoɓo da tafarnuwa. Zoɓo na ɗan rage jini, ba a musu, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda jijiyar kansa ta riga ta taɓa lalacewa, kuma lambar ta yi kyau ne saboda maganin da ya ajiye. Sai dai duk waɗannan ɓarnar mutumin da aka bari shi kaɗai da na'ura ce. Da akwai wadda za ta ce masa, "Baba, awo ɗaya ba ya nuna komai, na mako muke dubawa, ka ajiye ta sai gobe da safe," da hankalinsa ya kwanta.

Mai bibiya da ta san gidajenmu za ta ga abin da likitan da bai san mu ba ba zai gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin mutum a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi. Likita zai ce a rage gishiri, uwargida ta rage, amma dunƙule huɗu na cikin miya, yaji na gefen tire, ga zaitun da cuku da kayan tsami na karin kumallo, ga kanwa a miyar kuka da kunu, wadda ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne ya cika ta. Wa zai tambayi tsohuwa batun kanwa in ba 'yar gida ba? Haka ƙwayoyin ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen da ake saye ba takarda, suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, kuma suna da haɗari ga mai shan maganin tsinka jini. Da azumi lokutan shan magani na birkicewa, wasu su haɗe na safe da na dare a buɗa-baki. Da zafin bazara kuwa, mai shan ƙwayar sa fitsari na iya bushewa jininsa ya faɗi ƙasa, ya miƙe daga sujada ya ga duhu. Yawancin na'urorin yanzu ma suna nuna wata 'yar alama idan bugun zuciya ba ya tafiya daidai, kuma irin wannan bugu na iya haifar da gudan jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa. Mutane na ganin alamar kullum ba su san a kai wa likita labarinta ba.

Abu ɗaya ne ba na so na'urar ta shiga tsakani. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ba lokacin awo ba ne, ba lokacin tura hoto ba ne, ba kuma lokacin jiran babban ɗa ya dawo daga aiki ba ne. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko ƙwaya, domin haɗiya na iya ɗaukewa abin ya wuce huhu. A yi masa addu'a ana kiran 997, lambar motar ɗaukar marasa lafiya, a kuma riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi ake yin ta. Ko da alamar ta wuce bayan minti goma ya ce ya ji sauƙi, a tafi. Tsoron takarda da tsoron kuɗin asibiti gaskiya ne, na san su, amma ana warware su daga baya, ƙwaƙwalwar da ta mutu kuwa ba ta dawowa.

Shugabannin ƙungiyoyinmu, a zamanku na gaba ku ɗauki takarda ku lissafa: mutum nawa ne a cikinku suka yi jalɗa, wa ke da na'ura, wa ke auna shi, kuma wa ke ganin abin da aka auna. Duk sunan da gurbinsa na ƙarshe ya zauna ba kowa, ku nema masa mutum kafin a tashi daga zaman.